Fim ɗin gidan kurame ya taɓa min zuciya

Malam Edita, assalamu alaikum. Jiya na kalli fim ɗin nan CODA na Amurka da ya ci kyautar Oscar a 2022, labarin yarinyar da ita kaɗai ke ji a gidansu, uwa da uba da yayanta duk kurame ne, ita ce bakinsu a wurin kamun kifi da gaban likita, ga kuma son waƙa da ya shiga ranta. Wurin da uban ya ɗora hannu a maƙogwaronta don ya ji muryarta wallahi sai da na yi hawaye. Abin da ya fi burge ni kurame na gaske ne suka taka rawar, Troy Kotsur da ya fito a matsayin uban ma ya samu tasa kyautar. Masu shirya finafinai don Allah a daina sa kurma don a yi dariya kawai.

Naku mai karatu kullum.