Amsa ga mai tambaya kan ƙwaron ɓawo da gobarar daji

Assalamu alaikum Malam,

Ranar da muka yi zancen gobarar Jasper ta Kanada a gidan rediyo, wadda ta laƙume kusan kashi ɗaya cikin uku na gine-ginen garin a watan Yulin 2024, ka bugo waya ka ce: "Dajin da ƙwaro ya kashe ai itacen girki ne a tsaye, kwana-kwanar me kake yi?" Lokaci ya ƙure ban amsa maka ba, kuma tambayar ta tsaya mini a rai.

Ƙwaron nan bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Macen ce ke huda ɓawon bishiyar fayin (pine), mai ganye kamar allura, ta zuba ƙwai, ta kuma shigo da wata fumfuna mai toshe hanyar ruwa. In an tsaga katakon sai ka gan shi shuɗi-shuɗi kamar ya faɗa marina. Lafiyayyar bishiya takan turo shi waje da ƙaro, ka ga ƙaron ya daskare a jikinta kamar gugguru. Wadda fari ya galabaitar ba ta da wannan ƙarfin. A da, sanyin da ke kai digiri 40 ƙasa da sifili shi ke kashe tsutsotsin. Da sanyin ya ragu, sai ƙwaron ya mamaye fiye da hekta miliyan 18 a lardin Biritish Kolombiya na Kanada tun daga ƙarshen shekarun 1990, a 2006 kuma ya tsallake duwatsu ya faɗa lardin Albata, inda Jasper take.

Yanzu tambayi uwargida da me take hura wuta. Da ƙirare ne, gungume sai daga baya. Wutar daji ma haka, ganye da ƙananan rassa take bi tana gudu. Shi ya sa sai an san shekara nawa da mutuwar dajin kafin a yanke hukunci.

Kamar shekara guda bayan harin, ganyen nan mai kama da allura yakan koma jawur, ya bushe ƙayau, yana nan maƙale a sama. A wannan gaɓar gaskiyarka ce: an auna a Biritish Kolombiya an ga wuta na gudu ninki biyu zuwa uku a irin wannan daji. Amma bayan shekara biyu ko uku ganyen ya zube, bishiyoyin sun yi furfura, sun tsaya tsirara. Wutar da ke tsalle daga kan wannan bishiya zuwa waccan sai ta rasa abin kamawa. Sai can, shekara goma ko fiye, kututturan su fara faɗuwa suna hawa kan juna. Wannan wutar ce ke daɗewa tana ci har ta gasa ƙasa, 'yan kwana-kwana kuma su rasa ta inda za su ratsa, ga busassun itatuwa na rikitowa ba sallama.

Abin da ya sa nake taka-tsantsan shi ne binciken Sarah Hart da abokan aikinta na 2015. Sun duba shekarun da gobara ta fi ɓarna a yammacin Amurka, 2006 da 2007 da 2012, ba su ga dajin da ƙwaro ya ci ya fi sauran ƙonewa a faɗi ba. Wani binciken na 2014 a arewacin duwatsun Roki ya nuna iska da bushewa da gangaren ƙasa sun fi ƙwaro tasiri kan tsananin ƙuna. Ranar da fari da iska suka haɗu, ɗanyar fayin ma ci take kamar an zuba mata kalanzir. Zafin da ya raya ƙwaron shi ne dai ya busar da dajin, mu kuma da muka gan su tare sai muka ɗora wa ƙaramin laifi.

Ban wanke shi tas ba. Gobarar Creek ta 2020 a Kalifoniya ta tarar da tulin matattun itatuwan da farin 2012 zuwa 2016 da ƙwaro suka bari, kuma sun ƙara mata ƙarfi ƙwarai. Dajin Jasper ma ƙwaron ya riga wutar isa da shekaru. Da ni za a ba kuɗin share dajin, bakin gari da gefen hanyoyi zan fara, na can ƙurya in bar su su ruɓe a inda suke.

Na gode da tambayar, Malam. A gaida iyali.