Wasiƙa Zuwa ga Aminiyata Kan Maki da Shiga Sororiti a Jami'o'in Amurka

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigida da yara da su Hajiya. Saƙonki ya iso, na kuma yi murna ƙwarai da jin cewa 'yarmu ta samu gurbin karatu a Amurka. Allah ya sanya albarka, ya sa a gama lafiya. Kin ce ta ishe ki da zancen sororiti, kina tambaya ko sakamakon jarrabawarta zai shafi ɗaukarta. Zai shafa, kuma tun kafin a gama sanin sunanta.

Bari in fara kwantar miki da hankali a kan abu guda. Sororiti ba ƙungiyar asiri ba ce irin waɗanda suka addabi wasu jami'o'inmu na gida. Ƙungiyoyi ne na ɗalibai mata da jami'a ta san da zamansu, akwai ofishin da ke sa musu ido, galibinsu suna da hedikwata ta ƙasa da kuɗin da mambobi ke biya duk zango. Maganar kuɗin da yawan shagulgula da ko sun dace da tarbiyyarmu, wannan shawara ce taku ke da mahaifinta. Akwai ma ta 'yan mata Musulmi, Mu Delta Alpha, wadda aka kafa a 2016 a jami'ar Texas da ke Dallas. Ni dai yau a kan maki zan tsaya.

Galibin waɗanda take gani a bidiyo suna ƙarƙashin babbar inuwa guda, National Panhellenic Conference, wadda aka kafa a 1902 kuma take da ƙungiyoyi 26. Ɗaukar sababbi yana cin kamar mako guda, zagaye-zagaye. A zagayen farko yarinya tana gaisawa da dukkan gidajen da ke jami'ar, wato rassan waɗannan ƙungiyoyi. Sai zagayen da suke bayanin ayyukansu na taimakon jama'a, sai na hirar zaman tare, sai na ƙarshe inda yawanci gida biyu kawai za ta je. Bayan kowane zagaye ita tana jera gidajen da take so, su ma suna jera 'yan matan da suke so, kwamfuta ta haɗa. Akwai kuma ƙa'idar da ke tilasta wa gidajen da aka fi rububinsu su sallami mutane da yawa tun da wuri, don kada a riƙe yarinya da sa rai har ƙarshen mako sannan a bar ta hannu rabbana. To ki duba: a jami'ar Alabama sama da 'yan mata 2,000 ke shiga layi a watan Agusta. Gidan da ya yi hirar 'yan mintuna da kowace ɗaya, aka ce ya rage ɗaruruwa kafin gari ya waye, da me zai yi tankaɗe? Da abin da ke rubuce a takarda. Maki shi ne rariyar farko, shi ya sa za ki ji yarinya ta ce hira ta yi daɗi amma washegari ba a sake kiranta ba.

Abin da ke ruɗa iyaye shi ne, a jami'o'i da yawa ana barin kowa ta yi rajista komai makinta. Karɓar kuɗin rajista ba ya nufin ta tsallake. Kowane gida yana da nasa mafi ƙarancin maki, wani hedikwata ce ta gindaya, wani reshen ne ya ƙara a kai, kuma ba duka ke bayyanawa ba. Wasu jami'o'in kudancin ƙasar suna fitar da jadawali mai launi uku don gargaɗi: GPA, wato matsakaicin maki, 3.0 zuwa sama kore ne, maki ba zai tare mata hanya ba, tsakanin 2.8 da 2.99 ruwan ɗorawa, za ta rasa wasu gidaje. Ƙasa da haka ja ne, zaɓinta zai ragu sosai. Wadda ta faɗo ƙasa da layin gida, ko da an so ta, sai an nemi izini na musamman, kuma guraben irin wannan ba su da yawa. Dalilinsu a fili yake. Duk zango jami'a tana fitar da matsakaicin makin kowane gida, a jera su, a gwada da na ɗaukacin ɗalibai mata. Gidan da ya yi ƙasa yana shan tambaya daga hedikwata.

Ma'aunin nasu a kan 4.0 yake, ba 5.0 ba kamar na jami'o'in Najeriya. A maki 4, B 3, C 2, D 1, F sifili. Ga inda lamarin 'yarmu ya bambanta da na 'yan can. Ita WAEC ta kawo, mai A1 da B2 da B3 har zuwa F9, fom ɗin rajista kuwa lamba ɗaya yake nema tare da takardar sakamako. Kada ta ƙiyasta da ka ta rubuta. In abin da ta cike ya saɓa da abin da ke takarda, za a ɗauka ƙari ta yi, wannan kuwa ya fi ƙaramin maki illa. Ta rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ta tambayi GPA ɗin da suka lissafa mata lokacin ba ta gurbi. In ba su lissafa ba, akwai hukumomin da aikinsu ke nan, irin su WES, suna juya sakamakon ƙasashen waje zuwa ma'aunin Amurka, amma ana biya kuma yana ɗaukar makonni, don haka a fara da wuri. Sannan ta aika wa ofishin ƙungiyoyin gajeren bayani cewa ita ɗalibar ƙasar waje ce, ga yadda aka juya makinta. Gurbin da aka bari fanko shi ma yana iya sa a ajiye ta gefe.

Sai ki bincika lokacin da jami'arta ke ɗauka, domin nan ne babban bambanci. Masu yi a Agusta sakamakon sakandare suke dubawa. Amma jami'o'i irin su Vanderbilt da Indiana da Virginia sai a Janairu suke yi, kuma a nan makin zangon farko na jami'a ne ke magana, WAEC ta zama tarihi. Sharaɗin da aka fi gani shi ne ta kammala kiredit 12 (kiredit shi ne nauyin da ake ba kowane darasi) da GPA kamar 2.5, wasu wuraren sama da haka, kuma wannan na shiga layi ne kawai, gidajen na iya neman fiye.

Ga lissafin, don ki ga yadda darasi ɗaya ke ja da sauran. Ana ninka makin darasi da yawan kiredit ɗinsa, a tara, a raba da jimillar kiredit. A ce ta ɗauki 15: kimiyyar sinadarai mai kiredit 4 ta samu D, maki 4 ke nan, lissafi mai 4 ta samu C, 8, Turanci mai 3 ta samu A, 12, tarihi mai 3 ta samu B, 9, ƙaramin darasin sababbin ɗalibai mai 1 ta samu A, 4. Jimilla 37, a raba da 15, ya ba da 2.47. Yarinya mai A biyu da B ɗaya ta faɗi ƙasa da 2.5. Da D ɗin nan C ne, da 2.73 take da shi. Darussa masu kiredit huɗu su ne ke kayar da mutum, kuma su ne ɗalibanmu masu son likitanci da injiniya ke jibga wa kansu a zangon da ba su ma saba da sanyi da harshen malamai ba.

Akwai damar janyewa daga darasi kafin wani wa'adi, a rubuta W, ba ya shiga lissafi. A misalin nan in ta janye daga sinadarai, 33 a raba da 11, ya zama 3.0 cif. Amma ta koma kiredit 11, ga shi bizar ɗalibta ta F-1 tana buƙatar aƙalla 12 a zango. Garin gyaran gira sai a rasa ido. Shi ya sa nake ganin ta yi rajistar 16 tun farko, yadda ko ta ajiye mai huɗu tana kan 12, kuma kada ta janye daga komai sai ta ga jami'in ɗaliban ƙasashen waje. Ta kuma sani a can ba jarrabawar ƙarshe kaɗai ke yanke hukunci ba. Aikin gida da gwaje-gwajen mako da halartar aji duk ana tarawa tun makon farko.

In hankalinta ya fi karkata ga ƙungiyoyin baƙar fata, tsarinsu daban ne. Alpha Kappa Alpha, wadda aka kafa a jami'ar Howard a 1908, ita ce ta Kamala Harris, tana neman matsakaicin C+. Delta Sigma Theta, ta 1913, tana neman 2.75 da kiredit 24, wato kusan shekara guda ta karatu. Ba sa ɗaukar wadda ta sauka jiya, kuma suna duban hidimar da mutum ya yi wa al'umma tare da makin. A ganina wannan ya fi yi wa baƙuwa adalci, don za a auna ta da abin da ta yi a can.

In an sallame ta saboda maki, ƙofa ba ta rufe ba. Gidajen da ba su cika adadinsu ba suna ci gaba da ɗauka cikin shekara ba tare da zagaye ba, kuma za ta iya komawa da sabon maki, sai dai wasu gidajen sun fi son 'yan shekarar farko. Hattara da takardar da ake sa hannu bayan zagayen ƙarshe: in ta sa hannu, gidan da ta rubuta ya ɗauke ta, sannan ta ƙi, ba za ta shiga wani ba a jami'ar sai ɗauka ta gaba, kusan shekara. Kada ta rubuta gidan da ba za ta zauna ba.

Bayan shiga ma ana bibiya. Za ta sa hannu ta yarda jami'a ta nuna wa gidan sakamakonta. Wadda makinta ya sauka akan ɗora mata awannin karatu na dole, a hana ta zuwa taruka da riƙe muƙami, in abin ya ci gaba a dakatar da ita. Makonnin farko kuma cike suke da taruka, daidai lokacin gwajin tsakiyar zango, sai ta tsara lokacinta da kyau.

Ki turo mini sunan jami'ar da hoton sakamakonta, mu duba watan da suke ɗauka da darussan da ya kamata ta fara da su. Ki gaida maigida da Hajiya, ki shafa mini kan ƙananan.

Taki har kullum,
Aminiyarki