Wasiƙa daga Kiribi

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Amarya da yara. Amarya zan ci gaba da ce mata ko 'ya'ya goma ta tara maka. Ya zafin Garwa? Saƙonka na murya ya iso, na saurare shi ina tsaye a layin manyan motoci. Rabinsa tari ne, rabinsa zagi, sai can ƙarshe na tsinci maganar farashin manja. Zan zo kanta. Bari tukuna in faɗa maka abin da ya sa na zauna na ɗauki biro maimakon in danna waya: na samu gida.

Gida fa, ba ɗakin nan da muke cunkushe da direbobi ba. Ciki biyu da falo a unguwar Dombe, da rijiya a tsakar gida, da bishiyar kwakwa wadda mai gidan ya ce 'ya'yanta nasa ne, inuwarta tawa. Na biya haya, na sa an yi fenti, har katifa na saya. Saura masu shiga, kuma nan ne gizo ke saƙar. Hajiya ta ce atafau uwar yara da jikokinta ba za su taka Kiribi ba.

Ka san Hajiya, ba ta ɗaga murya. Cewa ta yi ruwan da ba a hango gaɓarsa ba na mutane ba ne, kuma wata a gidan suna ta ba ta labarin Mamiwata na jan yara. Na ce, Hajiya, ke da kika haife mu a bakin Binuwai inda dorina ke fitowa? Ta ce dorina ai an san ta, an san ubanta. Daga nan ta koma tambayata ko ina samun fura. Shi ya sa na ce bari in zayyana maka garin nan, ka je ka zauna a gefen tabarmarta ka karanta mata, don tun muna makarantar allo maganarka ta fi tawa shiga kunnenta. Inda na zage ka sai ka tsallake.

Garin ƙarami ne. Ɗan bensikin, mai babur ɗin haya, zai ratsa da kai daga wannan kai zuwa wancan ba ku gama cinikin kuɗin ba. Wani kogi ne mai suna Kiyenke ya raba shi, kuma daidai inda kogin ya shiga teku akwai hasumiyar fitila da Jamusawa suka gina a 1906 don jiragen ruwa, tana nan tsaye. Akwai kuma wata tsohuwar majami'a ta zamaninsu da ke kallon ruwan. Amma ni ba gini ke kai ni can ba, kifi ne. A bakin kogin, wajen Mbowa Manga, akwai inda kwalekwalen masunta ke sauke kaya, debarkadar suke ce masa. Laraba da Asabar ne wurin ke cika. Za ka ga kifin da tsawonsa ya kai Autanka an kwantar da shi a kan siminti ana ciniki da ihu cikin Faransanci da Batanganci, yaren masu garin. Ka zaɓi naka, ka biya, ka miƙa wa matan da ke gefe da garwashinsu. Su wanke, su tsaga, su shafa masa yajinsu na nan, su gasa, su kawo maka da soyayyar agada ko wani curin rogo da ake naɗewa a ganye, bobolo. Ranar farko warin bobolon ya kore ni. Yanzu in babu shi sai in ji kifin bai cika ba. Kar ka gaya wa masuntanmu na tafkin Lagdo, amma an wuce su.

Sai jatan lande, wanda da shi garin nan ya yi suna a duk Kamaru. Na san fuskar da Hajiya za ta yi, za ta ce ƙwaro nake ci, ita da ke soya fara da yaji duk kaka. Ka tuna mata hadisin nan da Malam ya karantar da mu a kan teku, cewa ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta halal ne, kuma mu Malikawa ba mu ware komai daga abin da ke cikinta ba. Ka faɗa da muryar nan taka ta wa'azi, wadda kake yi in kana neman bashi.

Wurin da na fi so yaran su gani shi ne Lobe, kimanin kilomita 7 kudu da gari. Kogi ne ya ratso daji ya zo ya faɗo daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, ba tare da ya kwanta ba. Duk duniya irin wannan ba su da yawa. Ba tsawonsa ne abin mamaki ba, faɗinsa ne da rugugin. Ruwan ya rarrabu a kan baƙin dutse, fari fat, feshinsa na jiƙa maka riga tun kana nesa, masu kwalekwale kuma na kai mutane har gindinsa. A kogin nan ake kama jatan landen da wasu 'yan kwanduna da ake nutsarwa, kuma a rumfunan da ke bakin yashi ake soya shi da tafarnuwa. Daga saman magangarar akwai masu ɗaukar baƙi su shiga da su daji wajen Bagiyeli, gajerun mutanen nan mazauna kurmi. Tafiyar kogin tana da daɗi, bishiyoyi sun rufe sama, ruwan shiru. Amma isa can ɗin bai kwanta mini ba. A jera mutane da tsofaffinsu a ce su yi rawa, baƙo ya ɗauki hoto, kuɗin kuma mafi yawansa ya tsaya a hannun ɗan rakiya. Ko kun zo ba zan kai ku ba, mu tsaya a kogin mu juyo.

Na ce "mu", alhali na san kai ba shiga kwalekwale za ka yi ba. Har yau in na tuna Lagdo sai in yi dariya ni kaɗai: mutum da gemunsa ya rungume buhun gawayi yana kalmar shahada, ruwan ko gwiwa bai kai ba. A Lobe za mu bar ka a rumfa ka tsare mana takalma.

Af, da gaske ne Dogo ya ƙara aure? Mai Shayi ne ya faɗa mini a waya, shi kuma ka san labarinsa sai an tace. In gaskiya ne, da wane kuɗin? Mutumin da har yanzu nake binsa na taya. Ka ce masa ina taya shi murna, kuma ina taya shi tunawa. Sannan ƙungiyar ƙwallonmu ta Garwa, Coton Sport, fa? A nan ni kaɗai nake kare su a wajen aiki, 'yan Duwala sun sa ni gaba.

To, wannan sakin layin kar ka karanta mata. Tekun nan tana cin mutane, ba ƙarya ba ne, sai dai ba Mamiwata ba ce. Igiyar ruwa in ta bugi yashi ta koma, tana janye ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarka, kuma akwai wuraren da ruwan ke komawa ciki da ƙarfi ta hanya guda, daga sama ba ka gane su. Wanda ya saba da kogi shi ya fi shiga haɗari, don gani yake ya iya. Lokacin hutu mutanen Yawunde da Duwala kan cika bakin ruwan Ngoye, wasu da kwalba a hannu, a nan ake jin mugun labari. Na riga na yanke: yara ba za su wuce idon sawu ba, sai ina riƙe da hannunsu, kuma gidan ma da tazara tsakaninsa da ruwa. In suna son wanka sosai zan kai su Lonji, wani ƙauyen masunta kimanin kilomita 15 arewa da gari, inda gaɓar ta lanƙwasa ruwan ya fi kwanciya. Akwai masunta 'yan Najeriya da yawa a can, da hayaƙin bandar kifi ko'ina.

Abin da za ka nanata mata shi ne ba cikin baƙi zalla nake ba. Tun da babbar tashar jiragen ruwa ta fara aiki a 2018, can Mboro, wajen kilomita 35 kudu da gari, mutanenmu suka yi ta gangarowa. Kayan da muke lodi Njamena da Bangi suke tafiya, direbobin kuwa 'yan Ngaundere ne da Marwa da Kuseri. Masu tsire namu ne, soya suke ce masa a nan, masu shayi namu ne, ranar Juma'a masallaci har waje. Fulatanci da Hausa kake ji kamar kana kasuwar Yelwa. Ko man fetur ɗin Cadi nan yake ƙarewa: bututun da aka ja daga yankin Doba, kilomita 1,070, tun 2003 yake zubowa a Kiribi, ya wuce ta ƙarƙashin ruwa zuwa wani jirgi da ke tsaye can cikin teku. Da dare ana hango fitilu daga bakin yashi. Ka ce mata man ma da ya taso daga arewa ya iso lafiya, balle jikokinta.

Wani abin da zai burge ta, alƙibla a nan bayanka take ba teku, ita tekun tana yamma. Magariba kuwa ba a gardamarta, da idonka za ka ga rana ta nutse a ruwa. Azumin da ya wuce ba wanda ya tambayi wani ko an sha ruwa.

Masu garin, Batanga, mutane ne masu riƙon tarihi. A 1914 Jamusawa suka kashe sarkinsu Madola na Giran Batanga, shekarar da suka rataye Duwala Manga Bel a Duwala. Da yaƙin ya yi zafi aka kwashe su a jiragen ruwa zuwa wajen Dutsen Kamaru, da yawa ba su dawo ba. Waɗanda suka rayu sun komo a 1916, shi ne duk ranar 9 ga Mayu suke bikin da suke kira Mayi, gari ya cika da anko da kiɗa da jerin gwano. Mai gidana Batanga ne. Ranar da na je biyan haya sai da ya zaunar da ni ya ba ni labarin nan tun daga kakarsa, ni kuwa ina ta kallon agogo don an kusa la'asar. Da na ce masa mahaifiyata na tsoron teku, dariya ya yi har da dukan cinya, ya ce shi kuma in aka kai shi inda babu ruwa sai yashi da rana, kwana ɗaya ba zai yi ba.

Akwai inda nake ajiye wa yara musamman. Ƙauyen Eboje, kan hanyar Kampo wajen iyakar Ikwatoriyal Gini, can ne kunkurun teku ke fitowa da dare su haƙa yashi su zuba ƙwai su koma. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fashe su ruga ruwa. Mutanen ƙauyen ne da kansu ke gadinsu. Ƙarshen shekara zuwa farkon sabuwa ne lokacin, ya zo daidai da hutun makaranta. Gaba kaɗan kuma gandun dajin Kampo Ma'an ne, mai giwaye da goggon biri, amma wannan sai aljihu ya yi nauyi.

Kar ka ce na ɓoye aibin garin. Laima ce. Kilishin da ka aiko da shi sati bai rufa ba ya yi gashi. Gishiri ya zama ruwa a kwano, kwaɗon ƙofa ya yi tsatsa, wanki in ka shanya sai ka yi ta addu'a. Satumba da Oktoba ruwan sama ba ya tambayar kowa. Sauro kuma ba ya hutun rani, gidan sauro dole ne. Shi ya sa nake so su zo a Disamba, lokacin da sama ke ɗagawa har zuwa Fabrairu, su fara ganin garin da fuskarsa mai kyau. Kuma babu hunturu, ƙafar uwar yara za ta huta da faso.

Hanyar ba wuya. Mota daga Garwa zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sai mota ta bi ta Edeya ta gangaro. Ni zan tare su a Yawunde. Amma ba zan so mace da yara su yi tafiyar nan su kaɗai ba, kuma ka ga inda maganar ta dosa. Kuɗin motarka a kaina, zuwa da komowa. Falo naka ne. Kar ka ce mini shago, yaronka ya fi ka iya ciniki, kowa ya sani.

Ka je mata ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin ta fi sakin fuska. Ka riƙa mata goro fari, ba ja ba, kuma kar ka shiga maganar sai ta gama ba ka labarin ciwon ƙafarta. In ta ce sai ta yi shawara da Kawu, shi ke nan mun ci, don shi na riga na aika masa da bandar kifi. In kuwa ta ce "to, Allah ya kai mu", ka kira ni a daren, sai mu sake dabara.

In za ku taho ku haɗo mini da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, a ɗaure su a leda biyu saboda laimar nan. Ka gai da Amarya, ka gai da Malam, ka gai da duk 'yan majalisa, ban da Dogo sai ya biya.

Naka har kullum,
mutuminka na bakin ruwa.