A San Aikin Likitan Cututtuka Masu Yaɗuwa Tun Kafin Annoba Ta Zo

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili domin in yi magana a kan wasu likitoci da ba a cika tunawa da su ba sai annoba ta ɓarke, wato ƙwararrun likitocin cututtuka masu yaɗuwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani da idona a jinyar ƙanena. Ya shafe sama da mako uku yana fama da zazzaɓin da kan lafa da safe ya dawo da yamma, ga gumin dare, ga rama, kuma an canza masa maganin kashe ƙwayoyin cuta har iri uku ba tare da an ga sauƙi ba. Da aka kira wannan ƙwararren, mun zaci wani magani mafi ƙarfi zai rubuta ya wuce. Sai ya ja kujera ya zauna, ya yi kusan awa guda yana tambaya: mece ce sana'arsa, ina da ina ya je a watannin baya, ko yana hulɗa da dabbobi, ko ya taɓa ciwon gaɓoɓi yana yaro. Can ya tambaya ko an cire masa haƙori kwanan nan. Lallai an cire wata biyu kafin ciwon, amma babu wanda ya kawo wannan a ransa cikinmu. Likitan ya kama hannunsa ya nuna mini wasu siraran layukan jini a ƙarƙashin faratansa, sannan ya daɗe yana sauraron bugun zuciyarsa.

Umarninsa na farko ya tayar mini da hankali, domin cewa ya yi a dakatar da magungunan na kwana biyu. Ya bayyana mana cewa maganin da ke yawo a jini yana hana ƙwayar cuta tsirowa a ɗakin gwaje-gwaje, don haka aka jira, sannan aka ɗebi jini sau uku daga jijiyoyi daban-daban. Sakamakon ya nuna cewa wata ƙwayar cuta da ke zaune a baki ce ta shiga jini lokacin cire haƙorin, ta maƙale a ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyarsa da ta sami illa tun yana ƙarami. Mako huɗu ana yi masa allura ta jijiya da maganin da ya dace, kuma cikin ikon Allah ya tashi.

Irin wannan ƙwarewa ba ta samuwa a dare ɗaya. Bayan karatun likita, sai mutum ya yi shekaru yana horo a fannin cututtukan manya ko na yara, sannan ya ƙara wasu shekarun a kan ƙwayoyin cuta da magungunansu. Likitan ido yana da ido, likitan ƙoda yana da ƙoda, shi kuwa wannan dukkan jiki nasa ne, tun daga sanƙarau a ƙwaƙwalwa har zuwa tarin fuka da ƙanjamau. Tun da ba ya yin tiyata, abin da yake samu bai kai na takwarorinsa ba, har ma a Amurka guraben horon wannan fanni kan rage babu masu cike su.

A ganina, mafi girman aikinsa shi ne sanin lokacin da bai kamata a ba da magani ba. Alexander Fleming, wanda ya gano maganin kashe ƙwayoyin cuta na fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan maganin da bai kai ƙa'ida ba zai sa ƙwayoyin cuta su saba da shi. Abin da ya ji tsoro ya tabbata, domin an ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 sakamakon ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani.

Akwai kuma kasadar da ke cikin aikin. Dakta Carlo Urbani, ɗan ƙasar Italiya da ke aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya, shi ne ya fara ankarar da hukumar game da SARS, wata cutar numfashi mai tsanani, a birnin Hanoi na ƙasar Vietnam a 2003, kuma ita ce ta yi ajalinsa a watan Maris na shekarar. Dakta Sheik Umar Khan na Saliyo, wanda ya yi shekaru yana kula da masu zazzaɓin Lassa a Kenema, ya rasu a watan Yulin 2014 bayan ya kamu da Ebola yana tsaka da jinyar masu ita.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne jaridarku ta riƙa tattaunawa da waɗannan likitoci a lokacin da babu annoba, domin ɗaliban likitanci su san hanyar shiga wannan fanni, iyalan majinyata kuma su san cewa idan zazzaɓi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, suna da damar neman a kira ƙwararren da zai binciko tushensa.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku a kullum