Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya sayar mini da kayan mayar da bindiga ta harba .22

Zuwa ga shugabannin kamfani da sashen kula da masu saye,

Bayan gaisuwa. Na rubuto muku sau 3 a asirce, sau 2 kuka amsa da saƙo iri ɗaya har da kuskuren rubutu a wuri ɗaya, na ukun kuwa shiru kake ji. Shi ya sa na fito fili, ko wani mai shirin saye zai tsaya ya yi tambayar da ni ban yi ba.

Bindigata mai cin harsashin .223 Remington ce, irin wanda allura ke duka a tsakiyar gindinsa. Harbin takardar bara, wato takardar gwada saiti, nake yi a filin atisaye, ba na farauta. Na sayi kayanku ne don in riƙa atisaye da .22 LR, ƙaramin harsashin nan da ake kunna wutarsa a gefen gindi, wanda yake kasuwa tun 1887, ga sauƙin samu, ga ƙaramar ƙara. Dabarar ba ta da laifi: a cire ƙarfen da ke tura harsashi a sa naku, mai allurar da ke sauka a gefe da wani ɗan bututu mai siffar kwanson .223 da ke cike gurbin. A jikin kwalinku an rubuta cewa saiti zai fito kamar na bindigar da aka ƙera don .22 tun asali, kuma kowane harsashi zai ci. Waɗannan alkawura biyu su ne na biya wa kuɗi.

Ranar farko na kafa takarda a yadi 50, na ɗora bindigar a kan jakar yashi, na harba 10 a natse. Da na je dubawa, sai da na buɗe tafin hannuna gaba ɗaya kafin na rufe ramukan. Wannan bindigar, da harsashinta na asali, a nisan da ya ninka wannan, takan tara su wuri guda da babban yatsa zai kusan rufewa. Na ce wataƙila hannuna ne. Na miƙa wa wani dattijo da ke gefena wanda ya fi ni shekaru a harkar, ya harba 5, ya cire abin toshe kunne ya tambaye ni, "Yaro, murɗin bututunka nawa ne?"

Tambayar da ya kamata ku yi mini ke nan kafin ku karɓi kuɗina. Zanen da ke cikin bututuna yana kammala zagaye ɗaya a inci 7, domin an yi shi ne don dogon harsashi mai rigar jan ƙarfe. Bututun .22 LR na asali kuwa zagaye ɗaya yake yi a inci 16. Kenan ɗan harsashin dalma mai laushi, wanda nauyinsa bai kai giram 3 ba, ana murɗa shi fiye da ninki biyu na abin da aka tsara masa. Ga faɗin bututun .223 ya ɗara na .22 LR da ɗan kaɗan, inci 0.224 a kan 0.222. Sannan kafin ya taɓa zanen ma, sai ya bi ta cikin ɗan bututunku mai santsi yana lilo, ya faɗa a karkace ko a miƙe, yadda Allah ya nufa. Duk wannan injiniyoyinku sun san shi fiye da ni. Ba na zarginku da kasa sauya halittar ƙarfe. Abin da nake zarginku da shi shi ne kun sani, kuka rubuta akasinsa a kwali.

Batun "kowane harsashi" ma haka. Mai gudu sosai yana tafiya, amma mai matsakaicin gudu, wanda shi ne masu harbin bara suka fi so, sau da yawa ba ya iya tura ƙarfenku baya har ƙarshe, sai kwanso ya maƙale a ƙofa kamar sigari a baki. Wasu kuma allura ta taɓa su sama-sama, ka ji ƙas ba wuta. Na ajiye irin waɗannan guda 14 a cikin gwangwani, kowanne da ɗan tabo a gefe da ƙyar ake ganinsa. Na aiko muku da hotonsu. Amsarku ita ce in gwada wani harsashi, alhali iri 4 na lissafa muku a wannan saƙon.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne datti. Harsashin .22 LR yana zuwa da kakin shafawa, dalmarsa kuma tana gogewa a hanya. Bayan 'yan ɗaruruwa, da na mayar da ƙarfen asali, bindigar da ba ta taɓa yi mini gardama ba ta fara cijewa. Maƙerin bindigar da na kai wa ya haska fitila ya nuna mini ƙaramar kafar da iskar wuta ke bi ta koma baya, ta yi kauri da toka da dalma. Takardar bayaninku mai shafi 2 ta sami wurin gaya mini kada in nuna bindiga ga mutum, wanda daidai ne, amma ba ta sami layi ɗaya kan wannan kafar ba.

Ga abin da nake nema. Ku karɓi kayanku ku mayar mini da kuɗina, har da abin da na biya maƙerin, rasit na nan. Ku goge maganar saiti daga kwali da shafinku na intanet, ku rubuta a fili cewa mai bututu mai murɗin inci 7 ko 8 ya sa ran atisayen kusa ne kawai, wanda yake son saiti na gaske ya nemi bututun .22 LR na musamman. Ku faɗi irin harsashin da kuka gwada da shi. Da kun faɗi haka tun farko wataƙila ma da na saya, don koyon riƙo da jan kunama a yadi 25 bai gagari kayanku ba, amma da ban yi cinikin biri a sama ba.

Lambar odata tana cikin saƙonni ukun da ke hannunku. Kayan na nan cikin kwalinsu, na wanke su, gwangwanin harsasai 14 ɗin ma in kuna so a gwada a gabanku, yana nan ajiye.

Naku,
Mai saye da ke jiran amsa daga mutum