Murhunmu ya tsage, kuma laifinka ne

Assalamu alaikum, mutumin Kumasi.

Ya iyali, ya sanyi? Wata bakwai ko gaisuwa babu, ni dai na gaji da jiran wanda zai fara. Akwai tambayar da nake son yi maka kan zuwanka, amma tsaya ka ji labarin murhu tukuna.

Ka tuna murhun gashin da muka gina a bayan gida, gindin dalbejiya? Markar bana ta gama da shi. Ruwan indararo ya yi ta zuba a gindinsa har ƙasa ta zaizaye, bangon hagu ya karkace ya tsage daga sama har ƙasa, raga kuwa tsatsa ta cinye ta. Kai ka jawo, Bakano. Kai ka dage sai bulon siminti, wai ya fi araha. Birkilan da na kira har da riƙe ciki don dariya. Ya ce siminti ba ya shiri da wuta: zafi ya tsattsaga shi, ruwa ya bi tsagar ya kwanta, ran da aka sake hura gawayi sai danshin ya zama tururi ya ɓantare bulon. Ashe ƙarar da muka ji ranar layya ke nan, Hajiya tana ta rantsuwa yara ne suka jefa kwalba a wuta.

Af, ƙanenka ya sayi babur. Ranar farko ya shiga kwata a Tudun Wada. Lafiyarsa ƙalau, kada ka ce ni na faɗa.

To, mun rushe bangon, muka zuba dutse da kankare a tushe, muka sake ɗora shi da jan bulo. Cikin kuma laka muka kwaɓa da yashi da toka, yadda mahauta ke yi wa tukuba, siminti sai ta waje kawai. Birkila ya kafa mini doka: sati biyu ba wuta, bayan nan ma 'yar ƙarama, har ya bushe a hankali. Na karkatar da indararon, na yanka masa murfin kwano. Uwargida ta ce kuɗin da na kashe sun isa tsiren shekara a Sabon Gari. Ban tanka ba, don ta fi ni gaskiya.

Saura kwana huɗu a hura. Na riga na sa an daka yaji, kuma cinyar farko ba za a ajiye maka ko tsinke ba.

Ka gaida madam da yara. Tambayar kuwa ita ce: yaushe za ka zo? In za ka zo, ka taho da goro mai kyau.

Naka,
Bazazzagen da ka sani