Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mitch Mashburn: ina ƙuri'ar da aka yi mana alkawari?

Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ni Bahaushe ne mazaunin Fairfield, ina biyan haraji a gundumar Solano ta jihar Kalifoniya, a nan kuma nake kaɗa ƙuri'a. Ba zan ja ka da nisa ba.

Ranar 22 ga Yuli, 2024, kana shugaban majalisar gunduma, kai da Jan Sramek na kamfanin California Forever kuka fitar da sanarwa. Kuka ce an janye batun sabon birnin da kamfanin ke son ginawa a gonakin gundumar daga zaɓen Nuwamba, za a fara yin cikakken bincike kan muhalli, a ƙulla yarjejeniya da gunduma, sannan a dawo wa jama'a da maganar su yanke hukunci da ƙuri'arsu. Ran nan mun yi barci da daɗi, domin mun ɗauki maganarka da nauyi.

To, ranka ya daɗe, magana zarar bunu ce. Ina ƙuri'ar tamu?

Ka fi ni sanin abin da ya biyo baya. Da kamfanin ya ga ƙofar gaba tana da wuyar shiga, sai ya zagaya ta baya. A 2025 ya koma wajen Suisun City, garin da mutanensa ba su kai 30,000 ba, domin garin ya faɗaɗa iyakarsa ya haɗiye fiye da eka 22,000, wato sama da ninki takwas na girmansa. Da zarar gonakin sun shiga cikin iyakar gari, dokar da ke kare su ta daina aiki a kansu. Wannan doka ba wani ne ya ba mu ita kyauta ba. Mutanen Solano ne suka kafa ta da ƙuri'arsu a 1984, suka kuma tsawaita ta a 2008 har zuwa 2028, kuma abin da ta ce a fili yake: ba a mayar da ƙasar noma unguwa sai da yardar masu zaɓe. Yanzu ana son 'yan kansiloli biyar da hukumar shata iyakoki ta LAFCO su yanke abin da ya kamata gunduma mai mutum fiye da 400,000 ta yanke. Wannan ne ya hana ni sakat.

Kada a ce mana mun cika zargi. Shekara da shekaru kamfanin Flannery, wato reshen California Forever, yana sayen gonaki ba wanda ya san masu shi, har ya tara fiye da eka 50,000 da kuɗin da suka haura dala miliyan 800, a kewayen sansanin sojan sama na Travis. Sai a Agustan 2023 aka gano attajiran Silicon Valley ne. A shekarar ce kuma ya maka wasu masu gonaki a kotu yana neman dala miliyan 510, wai sun haɗa baki sun tsuga farashi. Wanda ya shigo gari a haka, ba a karɓar maganarsa sai da shaida.

Don Allah wata rana ka bi babbar hanya ta 12 zuwa Rio Vista da sanyin safiya, ba tare da 'yan rakiya ba. Ka ga tumaki suna kiwo a ƙarƙashin fankokin lantarki na tuddan Montezuma, ka ga alkamar da ruwan sama kaɗai ke shayarwa. Suna cewa ƙasar ba ta da albarka. Ni ɗan manomi ne, a bayan birnin Kano na tashi, kuma da idona na ga gonakin gero sun koma fuloti ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganin inda aka fasa siminti aka sake yin shuka ba.

Na san ana wahalar gida. Ni ma haya nake biya, duk ƙarshen wata ina ji a jikina. Amma rahoton da majalisarku ta sa aka yi ya ƙiyasta cewa matakin farko na gina birnin kaɗai zai ci dala biliyan 6.4 a hanyoyi da ruwa da sauransu. Wa zai biya? Daga ina ruwan mutum 400,000 da ake son su zauna a sabon birnin zai fito? Ga hanya ta 12 da ta riga ta cika.

Roƙona ɗaya ne. Majalisarku tana da kujeru biyu a LAFCO. Ka tashi a zaman majalisa, a gaban jama'a, ka ce ba ka goyon bayan a shigar da ko eka ɗaya cikin Suisun City kafin a tambayi masu zaɓen gundumar baki ɗaya. Idan suka ce a gina, zan haƙura in yi shiru. Zan kasance a zaurenku na titin Texas a zama na gaba, ina jiran in ji daga bakinka.

Naka,
Wani mazaunin Fairfield